Zare Mai Ƙulli Uku

Baishi, kwana goma bayan sabuwar shekara

Zuwa ga ɗana Ziheng, a birnin Kaifeng,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata sanyin arewa bai cinye maka kunnuwa ba, don tun kana yaro ba ka yarda da hula. Ni lafiyata ƙalau, sai tsufa, shi kuwa ba a yi masa allura.

Maƙwabcinmu Tsoho Gou yana gaishe ka. Har yanzu yana dakon gishiri daga rijiyoyi zuwa bakin kogi, yana tari kamar tsohon akuya, matarsa na yi masa faɗa. Dinyar nan mai dogon wuya da ka sa wa suna Hakimi tana nan da ranta, ta ciji mai kawo itace sau biyu. Ita ce abokiyar hirata yanzu. Ba ta da hankali, amma ba ta katse mini magana yadda kake yi.

Ranar sabuwar shekara na jera kwano biyu, sai da na zuba shinkafa na tuna. Karo na uku ke nan ina yin wannan wautar. Na kai naka gaban allon sunan kakanka da na mahaifinka, na ce su cinye tunda mai shi ya zama ɗan birni. Ba ƙorafi nake ba, ni na tura ka. Amma gidan ya yi mini girma.

Fatake sun ce sarki ya sa an ƙera mutum na tagulla, wai a jikinsa ake gwada masu magani da sukar allura irinmu. Gaskiya ne? Yana tari? Yana cewa wash in an taɓa inda ke masa ciwo? Ka ba ni labari, don ni a shekara arba'in da na yi ina soka wa mutane allura ban taɓa duba wanda ba ya numfashi ba.

Ka riƙa shafa wa alluranka mai saboda tsatsa. Zaren da na sa maka a bututun gora ranar tafiyarka, kada ka ɗaure takalmi da shi. Awon hannuna ne, da shi ka koyi aiki a gadon bayana.

Gwaggonka, Qiao Yunniang

*

Kaifeng, wata na uku

Zuwa ga Gwaggo,

Na durƙusa ina gaishe ki. Takardarki ta yi kwana arba'in da bakwai a hanya, ta iso tana ƙamshin ganyen shayi. Ina lafiya, kunnuwana biyu suna nan. A gaida Tsoho Gou da matarsa, a ce wa Hakimi ta ji tsoron tukunya.

Labarin mutumin tagulla gaskiya ne, na gan shi da idona. Tsayinsa kamar na saurayi, cikinsa rami ne. An zana masa magudanan jiki daga kai har ƙafa, an huda gurbin allura ɗari uku da hamsin da huɗu, kowanne da sunansa a rubuce. Ranar jarrabawa za a shafe shi da kakin zuma har ramukan da sunayen su ɓace, a cika shi da ruwa. Malami ya kira sunan gurbi, ɗalibi ya soka. In ya dace, yana zare allura ruwa zai biyo. In ya kuskure, tagulla ce za ta karɓe shi, kowa ya ji ƙarar. Tamu a wata na goma za a yi, wanda ya faɗi kuma sai bayan shekara uku.

Gwaggo, aikin nan yana da dalili. Na ga tsofaffin littattafai huɗu a kan gurbi ɗaya na gwiwa, kowanne da inda ya ajiye shi. Mai kwafa ya yi gyangyaɗi shekara ɗari biyu da suka wuce, ya rubuta uku a maimakon biyu, tun daga nan ake soka wa mutane allura a banza. Yanzu an tace, an sassaƙa a dutse, magana ta zama ɗaya.

Sai dai akwai abin da ba zai yi miki daɗi ba. Gurbin Kaka, wanda ke tsakanin ƙashin baya da allon kafaɗa, na masu fuka, ba ya jikin mutumin tagulla. Na laluba wurin da yatsana, sumul yake. Na tambayi malaminmu, Malam Dou, a gaban ɗalibai.

Ya ce, "A kan wace magudana yake?"

Na ce, "Ba ya kan kowace, Malam. Tsakanin biyu ya faɗo."

Ya ce, "To ƙofa ce a tsakiyar gona, ba gida ba hanya. Wa ya koya maka?"

Na ce gwaggona.

Ya ce, "Ɗan gishiri, in gwaggonka ta ƙera nata mutumin tagullar sai ka kawo mu gani."

Aka yi ta dariya. Tun ranar Ɗan Gishiri suke kirana. Ba ni da aboki a nan. Mutum ya fi ƙasa yawa a garin nan, amma sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da mai sayar da taliya, shi ma ba ya gane harshena sai na maimaita. Wani lokaci ina tunanin ko Kaka dace kawai ya yi. Kada ki yi fushi.

Ɗanki, Ziheng

*

Baishi, wata na biyar

Ziheng,

Ina gaishe ka. Lafiya lau. Lemon bayan gida ya yi fure ya zubar, damina ta kankama, hayaƙin masu dafa gishiri ya kwanta a kwarin ba ya tashi.

Ka ce kada in yi fushi, to na yi. Dace? Mutum nawa ka gani da idonka an kawo su gidan nan a kan ƙyaure, leɓe ya yi baƙi, suka koma da ƙafarsu? Kai ka riƙe musu fitila. Shekara uku a birni har ka manta?

Ka tambayi Malam Dou naka, magudanan nan nasa daga sama suka faɗo a zane? Mutanen farko da tsinin dutse suka fara. Wani ya danna wa ɗan'uwansa baya, shi kuma ya ce, "Wash, nan ne!" Aka ƙona tazargade a wurin, aka ga sauƙi, aka riƙe. Gurbi ya yi yawa, sai masu ilimi suka zo suka ja layi daga wannan zuwa wancan. Layin yana da amfani, ban musa ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kakanka a bayan masu dakon gishiri ya samo gurbin nan, su kuwa likitocin fada ba su taɓa shaƙar hayaƙin rijiya ba.

Kuma mutumin tagulla awonsa ɗaya har abada. Mu ba haka muke ba. Kowane majinyaci da hannunsa ake auna jikinsa, shi ya sa muke yanka zare mu yi ƙulli uku: gaɓar dogon yatsa, faɗin babban yatsa, faɗin yatsu huɗu. Ban taɓa ganin mutum biyu da ƙullinsu uku ya zo daidai ba.

To bari in gwada iliminka. Akwai wata tsohuwa a nan, ta haura sittin. Fuka ta kama ta tun sanyin bara. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Daga rijiya zuwa ƙofa sai ta huta sau biyu. Ƙafafunta sun fara kumbura. Ta sha citta, ta sha duk abin da ka sani. Gurbin Kaka take buƙata, ni kuwa hannuna ba zai kai gare shi ba yanzu. Ka san wurin, in allura ta zarce da faɗin ƙwayar shinkafa huhu za ta samu, ba aikin da zan ba Matar Gou ba ne. Bayan ni, kai kaɗai ka iya shi a duniya. Matar ba ta da kowa a gida. Ga zaren awonta na naɗe a cikin takardar.

Ina ganin za ta kai farkon sanyi. Ban ce za ta wuce shi ba. Me likitan birni ya ce?

Gwaggonka

*

Kaifeng, ƙarshen wata na shida

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma ba ki haƙuri. Na karanta faɗanki sau uku, har na ji kamar muryarki ce daga madafa. Ya yi mini daɗi, ba ni da wanda zai yi mini faɗa a nan. Ina lafiya, sai zafi da sauro.

Batun tsohuwar nan, na duba shi da kyau, har na kai wa Malam Dou ba tare da na ce daga ina ya fito ba. Ya ce ciwon daga huhu ya fara ya gangara ƙoda, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa. Na rubuta miki gurabe biyar a bayan takardar nan, biyu a hannu, uku a ƙafa, duk a kan magudanansu, babu mai hatsari. Malam ya ce amsar ta yi kyau. Karo na farko ke nan da ya kira ni da sunana.

Kin ce hannunki ba zai kai ba. Rawa ya fara? Ki rage aiki, ki riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi. In abin ya gagara, a ɗauki matar a kai ta wurin likitan kasuwar bakin kogi. Zaren na ajiye, amma daga nan ba abin da zan auna da shi.

Na gane kina so in zo. Ni ma ina so, Gwaggo, wani lokaci har ƙirjina ke ciwo. Amma in na taso yanzu jarrabawa ta wuce ni, shekara uku sun tafi a banza. Saura wata huɗu. Ki ce wa tsohuwar ta yi haƙuri. Wace ce ma? Ba ki faɗi sunanta ba, na yi ta lissafa tsofaffin ƙauyenmu ban gano ta ba.

Ɗanki, Ziheng

*

Baishi, tsakiyar wata na takwas

Ɗana,

Gaisuwa. Muna nan. An yi bikin cikar wata, Matar Gou ta kawo mini waina biyu, na ci rabi na ba Hakimi sauran.

Tsohuwar ta gode. Ta ce amsarka ta malamai ce, ba kuskure ko ɗaya. An soka guraben biyar, ta ɗan samu barci. Ba ka san ta ba, ba wata ba ce. Ta ce ka tsaya ka yi jarrabawarka, kada ka waiwayo.

Ka yafe gajartar takardar, tawada ce ta ƙare. Ka sa hula.

Gwaggonka

*

Kaifeng, wata na goma, kwana shida

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Kina lafiya? Ki faɗa mini gaskiya, kina lafiya?

Na ci jarrabawa. Gurbi biyar aka kira mini, sau biyar ruwa ya fito, har ya jiƙa mini hannun riga. Malam Dou ya ce, "Ɗan Gishiri ya narkar da mu." Aka ce in dawo bayan kwana goma a ba ni aiki a ɗakin magani na fada. Kowa ya fita da 'yan'uwansa suna jira a ƙofa, ni na tsaya riƙe da bututun allurata, ban san inda zan nufa ba. Na sayi taliya kwano biyu na ci ɗaya.

Da na koma ɗaki da rana na zazzage bututun in goge allurai, sai zarenki ya faɗo, wanda kika ba ni ranar tafiya. Na tsohuwar kuma yana kan tebur, ina saka shi a littafi don in gane inda na tsaya. Haka kawai na jera su.

Gwaggo, ƙulli uku, duka ukun sun hau kan juna. Har gaɓar nan gajera ta yatsan da dutsen niƙa ya murƙushe miki kina yarinya.

Kin ce hannunki ba zai kai ba. Ina mutum zai kai hannu tsakiyar bayansa? Kin ce ba ta da kowa a gida. Kin rubuta mini komai, ni kuma na ɗauki ciwonki na kai wa malami don ya yaba mini. Wata huɗu zaren nan yana hannuna ina juya shafi da shi. Ke da ba ki taɓa barin tawada ta ƙare ba!

Na je na gaya wa Malam Dou zan tafi.

Ya ce, "Kana hauka? In ka wuce kwana goma wani za a ba."

Na ce a ba shi.

Ya ce, "Saboda gurbin da babu shi?"

Na ce, "Saboda mai bayan, Malam."

Gobe da safe zan bi ayarin masu shayi. Wannan takardar na roƙi wani manzon gwamnati mai doki ya tafi da ita, za ta riga ni da kwana ashirin. Ki zauna a jingine, ki bar gishiri, kada ki ɗebo ruwa da kanki. Ki jira ni, Gwaggo. Na roƙe ki.

Ziheng

*

Baishi, wata na goma sha ɗaya. A hannun Matar Gou, ta ba shi in ya iso.

Ɗana Ziheng,

Sannu da hanya. Ka wanke ƙafa ka ci abinci kafin ka karanta sauran, na san ba ka ci komai ba tun bakin kogi.

Takardarka ta iso jiya. Na sa Matar Gou ta tsaya a tsakar gida na karanta mata da ƙarfi, sau biyar ruwa ya fito! Ta ce, "To shi mutumin ya warke?" Na yi dariya har numfashina ya ɗauke. Na gaya wa kakanka da mahaifinka. Na ji daɗi, ɗana, daɗin da ban taɓa ji ba.

Na ƙirga kwanakin tafiyarka, na kuma taɓa jijiyar hannuna. Shekara arba'in ina gaya wa mutane gaskiya a kan wannan bugun, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ba za ka same ni ba.

Wawa, wata huɗu! Ni na zaci kwana ɗaya zai ishe ka. Amma kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, rabi nawa ne. Ina da baki, da na ce ni ce. Na ɗauki alƙalami sau uku in rubuta, sai in tuna yadda suka yi maka dariya, in ce ba ni zan dawo da shi hannu wofi ba. Sai na sa zaren, na ce in ya gani ya zo, ba ni na kira shi ba, in bai gani ba ya ci jarrabawarsa. Ina son ka zo, ina son ka zauna, na rasa wanda zan zaɓa, na bar wa zare. Girman kai ne, gadon gidanmu. Da ka tambayi sunanta kuma, tsoro ne ya kama ni, na yi maka ƙarya.

Na yi kewarka ƙwarai. Ban taɓa faɗa ba, ga shi na faɗa.

Yanzu aiki. Shekara uku rabonka da gurbin nan, kuma tagulla ta sa ka shakka. A cikin akwatin akwai shuɗiyar rigata ta ciki. Na sa ta, na sa Matar Gou ta bi bayana da babban yatsa tana dannawa. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ina ce mata, "Ke, awara kike matsawa? Danna da ƙarfi!" Har ta faɗa kansa, na ce wash, nan ne. Ta ɗiga tawada, na tuɓe na ɗinke wurin da jan zare. Na ɗinka layin ƙashin baya da bakin allon kafaɗa da fari. Ka shimfiɗa ta, ka auna da zarena, za ka ga lissafin. Ka gaya wa Malam Dou gwaggonka ta ƙera nata, na auduga ne.

Tsoho Gou ya fara barci a zaune. Ba zai faɗa maka ba, shi ma jaki ne. Ka yanka zarensa da hannunsa, ba da nawa ba.

Kada a yanka Hakimi. Kada ka yi kuka a kan rigar, jan zaren yana zuba.

Gwaggonka, Yunniang

*

Baishi, wata na goma sha biyu. Zan ƙona ta a kan kabarinki.

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina fata kin isa lafiya, kin samu Kaka da Baba. Ni ina nan. Kwana tara na makara. Hakimi ta cije ni a ƙofa, ba ta gane ni ba.

Na ci abincin kafin na karanta, kamar yadda kika ce. Sauran umarnin ban iya bi ba, jan ya ɗan zuba.

Jiya da hantsi na kira Tsoho Gou. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, matarsa ta ce, "Tuɓe, tsohon banza, kafin in tuɓe ka." Na yanka zarensa, na yi ƙulli uku. Na shimfiɗa rigarki a gefensa, na ƙirga ƙashin baya, na auna, na danna. Ya zabura ya ce, "Wash! Nan ne, ɗan nema!"

Na kwantar da allurar yadda kika koya mini, na shiga a hankali. Da na zare na tsaya ina kallon wurin, sabo ya sa ina jiran ruwa. Ba abin da ya fito. Sai na ji ya ja numfashi, dogo, har ƙasan cikinsa, ya sake ja. Matarsa ta toshe baki. Yau da safe ta zo ta ce a kwance ya yi barci.

Abin bai kai tafasar ruwan shayi ba, Gwaggo. Iyakar abin da kike buƙata ke nan.

Mutum uku na jira a tsakar gida, duk masu dakon gishiri. Zan je in duba su. Da rana na jera kwano biyu, ban mayar da ɗayan ba.

Ɗanki, Ziheng